Saura Biyu

Ɗakin fayil na asibitinmu yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya ko wanda ya rasa yadda zai yi. Shekara shida ke nan ina zaune a cikinsa, ni da kwamfuta ɗaya, da fanka mai kukan tsiya, da kantoci goma sha huɗu cike da takardun mutane. Ba na ɓoyewa, ina da saurin fushi, kuma yawancin fushina a kan mutum ɗaya yake sauka, mutumin da ban taɓa sa shi a ido ba. Shi ne tsohon akawun da na gada. Jan Biro ake ce masa, don bai taɓa rubutu da wani launi ba. Ya yi ritaya kafin in zo, ya bar mini tsarinsa in yi ta fama.

Ga yadda tsarin yake. Kowace Litinin sai ya buɗe sabon ɗari: wannan mako daga 500 zuwa 599, mako mai zuwa daga 600, ko lambobin baya sun ƙare ko ba su ƙare ba. A cikin ɗarin kuma sai ya raba. Maza su sami lambobin mara, irin su ɗaya, uku, biyar, waɗanda in ka raba su biyu sai ɗaya ya yi saura. Mata su sami na cika, masu rabuwa biyu daidai. Fayilolin maza a kantocin hagu, na mata a na dama. Suna kuwa ba ya rubutawa a bangon fayil, sai a ciki, wai don kada mai shara ya san ciwon maƙwabcinsa. Kowane fayil kuma sai ya ɗaure shi da zare, ƙulli biyu, kamar wani zai gudu.

Babban littafin da ya haɗa suna da lamba shi ne mabuɗin komai, shi ne kuma ruwan sama ya jiƙa shekarar da rufin ɗakin ya tsage. Shafukan suka manne, jar tawadar ta narke. Kwamfutata ba ta san kowa ba sai waɗanda suka zo a zamanina. Wanda ya riga ni zuwa, in bai riƙo katinsa ba, sai dai in ba shi haƙuri, haƙurin ma ba kullum nake da shi ba.

Ran wata Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti goma, likitar da ke sa marasa lafiya barci kafin tiyata ta shigo da kanta. Wannan kaɗai ya isa in miƙe, don likitoci ba su san ɗakina yana da ƙofa ba. A bayanta akwai wata mata, za ta girme ni da 'yan shekaru, mayafinta a karkace, takalminta ƙafa ɗaya daban da ɗaya.

Likita ta ce, "Malama, fayil nake nema na shekara goma sha ɗaya baya. Mijin wannan baiwar Allah ne, direban babbar mota. Hanjinsa ya murɗe, dole a yi masa aiki yau. Wancan karon da ya karye a ƙafa, an yi masa wata allura a nan asibitin, numfashinsa ya ɗauke, da ƙyar aka ceto shi. Ba su san sunan allurar ba. Ni kuma iri uku gare ni, ban san wacce ce ba a ciki."

Na miƙa hannu. "Katin."

Matar ta sunkuyar da kai. "Ya tafi a wanki, Malama, tun tuni. A aljihun wandonsa yake. Ni na wanke."

"Shi fa, bai riƙe lambar a ka ba?"

"Ya riƙe, sosai ma. Amma yanzu ko sunana ba ya iya faɗa."

Likita ta dubi agogon bango. "Ƙarfe ɗaya zan shiga da shi, da fayil ko babu. Hanjin ba zai jira fiye da haka ba." Ta juya ta fita, ta bar ni da matar da fayiloli sama da dubu ashirin.

Abin da ya fara fitowa daga bakina ba mai daɗi ba ne. Na ce mata kati guda ɗaya tak ya gagare su ajiyewa, amma na tabbata ta san inda murfin kowace tukunyarta yake. Ta ƙara sunkuyar da kai. Sai na ji kunya, na rufe kunyar da tambaya.

"Yaushe aka kawo shi? Wace rana, wane wata?"

"Ranar kam ban riƙe ba. Amma kwana goma ne, ko sati biyu, kafin in haifi babbar 'yata." Ta faɗa mini ranar haihuwar yarinyar ba tare da ta tsaya tunani ba.

To, wannan abin kamawa ne. Tunda kowane mako da ɗarinsa, in na gano makon na gano lambobin. Na shiga kantocin hagu na zaro 10,001, na kwance zaren, na duba kwanan wata. Ya wuce da wata shida. Na koma 5,001, shi kuma bai kai ba, da sauran wata biyar. Na tsaga tsakiya na zaro 7,501, sai ga ni a makon da ya biyo bayan haihuwar. Yarinyar ke nan an haife ta a makon 7,400. Uban kuwa ko dai makon da ya gabata aka kawo shi, ko na gabansa.

Na ce, "Yana tsakanin 7,200 da 7,399. Lamba ɗari biyu ce, amma rabi na mata ne, ba ruwanmu da su. Saura ɗari. Kin iya karatu?"

"Sunansa kam ko a duhu zan gane shi."

Muka sauke su a ƙasa, ni ina kwance zare ina miƙa mata, ita tana buɗewa tana ajiyewa gefe. Ƙura ta cika mana hanci. Ƙullin Jan Biro ya shekara goma sha ɗaya yana ƙara tauri, har farcena ɗaya ya karye, na zage shi a zuci duk da ban san ko yana raye ba.

Ita kuwa bakinta bai huta ba. Na lura akwai waɗanda tsoro ke sa su shiru, akwai waɗanda ke sa su surutu, ita tana cikin na biyun. Ta ba ni labarin motarsa, da yadda yake kwana uku a hanya ya dawo ya ce abincin kowa ba gishiri sai nata. Ta ce bai yi nisa a makaranta ba amma kansa na lissafi ne. In ya shiga cunkoson motoci, don kada barci ya ɗauke shi, sai ya riƙa raba lambar motar da ke gabansa, ya raba biyu, ya raba uku, ya raba bakwai, ya ga wacce za ta rabu wacce za ta ƙi. Lambar mita, lambar waya, lambar da ke jikin kwalin sabulu, ba wadda ya ƙyale.

"Har yara sun gaji da shi. In ya ce su kawo lamba sai su gudu ɗaki. Katin asibitin nan ma ai..."

Na katse ta. "Yaya, don Allah ki duba suna. Labarin ya jira."

Ba a yi minti biyu ba ta sake ɗauka daga wani wajen.

Sha biyu da minti ashirin muka kai 7,399. Daga cikin lambobi ɗarin, saba'in da takwas ne aka yi amfani da su, kuma duk mun buɗe. Akwai mai gyaran keke, akwai malamin makaranta, akwai direbobi har uku, amma ba nata.

Na ce wataƙila ta yi kuskuren kwanaki. Ta ce wataƙila. Na faɗaɗa, na ɗauko ƙarshen 7,100 da farkon 7,400, ƙullin da nake kwancewa a daƙiƙa goma ya koma cin rabin minti. Wata nas ta leƙo ta ce likita na tambaya. Na ce ta gaya mata ana nema. Ta dubi tarin takardun da ke ƙasa, ta dube ni, ta tafi.

Da na waiwayo sai na ga matar ta zauna dirshan a tsakanin kantoci, ta jingina da bango, fayil ɗin wani a cinyarta. Surutun ya ƙare. Wallahi shirun ya fi surutun damuna. Na yi minti saba'in ina roƙon ta rufe baki, da ta rufe sai na ji kamar an kashe fanka.

Can ta yi magana, ba da ni ba. "Ya ce rabi nasa rabi nawa. Shi ke nan kuma."

"Rabin me?"

"Lambar katin. Ranar da aka sallame shi, yana kwance da ƙafa a ɗaure, ba abin yi, sai ya ɗauki katin yana wasa da shi. Ya ce kin ga, ta rabu biyu daidai, rabi nawa rabi naki, tunda tare muka sha wahalar."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Daidai? Ba saura?"

"Ba saura. Ya sha faɗa."

"Ba zai yiwu ba. Lambar maza ba ta rabuwa biyu."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da ɗan zafi a idonta. "Malama, mijina yana iya manta ranar aurenmu, amma ba ya kuskuren rabawa."

Na tsaya tsakanin kantocin hagu da na dama kamar wadda aka dasa. Sai wata tambaya ta zo mini, wadda ya kamata in yi tun sha ɗaya da kwata.

"Ranar da aka kawo shi, wa ya karɓi katin a taga?"

"Ni mana. Shi ai an wuce da shi ciki a kan gado."

"Da cikin wata tara."

"Har ba na ganin ƙafata. Ina kuka, na riƙe ƙarfen tagar da hannu ɗaya, ɗayan a marata. Tsohon da ke wurin bai ma bari na yi magana ba, ya buga hatimi ya ce 'yata kwantar da hankalinki, yanzu za ki sauka lafiya. Sai da ya tambayi suna na faɗi na maigida, ya yi tsaki ya dafe kai."

Shi ke nan. Jan Biro ya ga mace da tsohon ciki tana kuka a tagarsa, ya zaro kati daga na mata ya buga lamba kafin ya tambaya. Direban yana kantocin dama, shekara goma sha ɗaya yana zaune cikin mata, mu kuma mun ɓata sa'a ɗaya da rabi a hagu.

Na dubi agogo. Ɗaya saura minti goma sha takwas. Lambobin cika tsakanin 7,200 da 7,399 su ma ɗari ne, kuma mata sun fi maza zuwa asibiti, da wuya a sami gurbi ko ɗaya. Ɗarin farko ya ci mana minti saba'in.

Na durƙusa a gabanta na kama hannunta. "Yaya, ki yafe mini. Ɗazu na hana ki magana. Yanzu ki faɗa mini duk abin da ya taɓa cewa a kan lambar nan, kada ki bar komai."

Ta share ido da gefen mayafi. "Da na haihu, ya sake ɗauko katin. Ya ce yarinyar nan da rabonta ta zo, lambar ta rabu uku ma, kowa ya sami nasa."

Na jawo wani tsohon ambulan na juya bayansa. Lambar da ta rabu biyu ta kuma rabu uku, to tana rabuwa shida. Daga 7,200, tsallake shida shida, zuwa 7,398. Talatin da huɗu. Da sauƙi, amma bai isa ba.

"Sai kuma me?"

"Bayan shekara biyu muka sami namiji, muka zama huɗu. Ya gwada huɗu, ta ƙi. Ya gwada ya sake gwadawa, kullum sai biyu su yi saura. Na ce to yau lambarka ta ba ka kunya. Ya ce a'a, waɗannan biyun ba na rabawa ba ne, ni da ke ne, ranar da yaran suka girma suka watse suka bar mu." Ta rufe fayil ɗin da ke cinyarta. "Ga shi yau za a bar ni saura ɗaya."

"Ba a bar ki ba tukuna. Tashi."

Cikin talatin da huɗun nan, ɗaya tana rabuwa huɗu, mai bi mata ba ta rabuwa, haka har ƙarshe. 7,200 tana rabuwa, na soke ta. 7,206 ba ta rabuwa. Daga nan sai in ƙara sha biyu sha biyu: 7,218, 7,230, 7,242, na yi ta jerawa har 7,398. Na ƙirga, goma sha bakwai. Daga dubu ashirin mun dawo goma sha bakwai, da minti goma sha huɗu a hannu.

Na ɗauko almakashi daga aljihun tebur. Shekara shida ina zagin ƙullin tsohon nan amma ban taɓa yanka ko ɗaya ba, ban san dalili ba. Ranar na yanka. Ina kiran lamba, ina zarowa, ina datse zare, ita tana buɗewa. Na farko mai haihuwa. Na biyu mai haihuwa. Na uku tsohuwa mai ciwon ido. Na shida babu shi a kan kantar gaba ɗaya, na ce a raina in shi ne fa? Na tsallake, don ba lokacin tsayawa. Na bakwai, na takwas, na tara.

Na goma shi ne 7,314. Ta buɗe, sai ta ɗora tafin hannunta a kan shafin kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

A cikin bangon fayil ɗin, da jan biro, da rubutu ƙanana a tsaye, an rubuta: "Wannan namiji ne. Kuskurena ne. Lamba ta riga ta fita, a bar shi a nan." A ƙasa kuma an zana akwati, an maimaita layinsa har sau uku, a ciki ga sunan allurar da manyan baƙaƙe, da gargaɗin kada a sake yi masa ita har abada. Likitan wancan lokaci ya rubuta abin a shafi na tara, da irin rubutunsu da ba mai iya karantawa. Tsohon ne ya bi ya kwafo shi zuwa inda duk wanda ya buɗe zai fara gani. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya sa shi.

Rabon da in yi gudu tun ina makaranta. Na wuce ɗakin wanki, na wuce masu jiran magani, wani ya ce Malama lafiya, ban amsa ba. Ɗaya saura minti biyar na tura ƙofar farko ta ɗakin tiyata, inda ba a yarda irina su wuce ba. Likita ta fito da hula da abin rufe baki. Na buɗe mata bangon. Ta karanta sau ɗaya, ta juya wurin farantin da ta jera kayanta, ta ɗauke wata ƙaramar kwalba daga sahun gaba ta jefa a aljihun rigarta, ta ce wa nas ta kawo mata wata daban.

"Na gode, Malama," ta ce, ƙofa ta rufe.

Na dawo a hankali. Na tarar da matar ta tattara fayilolin da muka watsar, tana jera su bi da bi, tana ɗaure waɗanda na yanka da guntayen zaren. Na ce ta bari, aikina ne. Ta ce in ta bari me za ta yi da hannunta? Sai muka zauna muka yi tare, har ƙarfe uku da rabi da nas ta zo ta ce an fito da shi, yana numfashi da kansa. A nan ne matar ta lura da takalmanta. Ta dube su, ta dube ni, ta ce tun safe haka take yawo ba wanda ya gaya mata? Muka yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ƙa'ida ita ce in ba shi sabuwar lamba a kwamfuta. Ban ba shi ba. Na shigar da shi da tsohuwar, na rubuta sabon kati, na kai aka lulluɓe shi da leda mai tauri wadda ko an dafa ta ba za ta jiƙe ba. Fayil ɗin ma na mayar da shi dama, inda tsohon ya ce a bar shi. A hanyar gida na tsaya na sayi jan biro, na biya ina jin haushin kaina.

Ran Alhamis da rana na kai musu katin. Direban yana kwance kusa da taga, ramamme, da roba a hanci, ba shi da girman da na zata. Matar ta ce masa, "Baban yara, ga Malamar da na gaya maka, mai faɗan nan." Ya ɗaga yatsu biyu ya gaishe ni, don magana tana yi masa wuya.

Na sa masa katin a hannu. Ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sai na ga leɓunansa suna motsi, busassu, ba sauti. Matar ta taɓa ni da gwiwar hannu, wai in gani, ya fara.

Ya ɗauki lokaci. Ya gama da biyu, ya gyaɗa kai. Ya gama da uku. Da ya zo huɗu sai ya juyo da kansa a kan matashi ya nemi fuskarta.

"Saura biyu," ya ce, da ƙyar ake ji.

Ta karɓi katin ta sa a cikin jakarta, ta ja zif har ƙarshe, ta gyara masa bargo.

"Har yanzu biyu ne," ta ce. "Kwanta ka huta."